Yayanmu Ya Kulle Maganin Ciwon Umma, Wai Yana Karya Garkuwar Jiki

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu ta haura shekara 60, tana fama da sankarar mama, kuma likitoci sun ce cutar ta kai ga ƙashin bayanta da ƙugu. Ana yi mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Saboda tsananin ciwo aka rubuta mata mofin na ruwa, tana sha bayan awa huɗu-huɗu. Tun da ta fara sha ta samu barci, tana tashi zaune ta yi salla, tana ɗan cin abinci. Sai dai tana yawan ƙaiƙayi, bayan gida ya yi mata wuya, makon jiya kuma ta yi zazzaɓi da tari. Yayanmu, wanda shi ne babba kuma shi ke biyan kuɗin asibiti, ya gani a intanet wai mofin yana karya garkuwar jiki, yana sa cutar kansa, wato sankarar, ta yaɗu. Ya ce shi ya jawo zazzaɓin, kuma ba zai zuba ido a mayar masa da uwa 'yar ƙwaya ba. Ya ɗauke kwalbar ya kulle a ɗakinsa, ya ce a riƙa ba ta farasitamol da zuma da habbatussauda. Yau kwana biyu. Umma ba ta cewa komai, sai dai in ji nishinta da dare, ga gumi, ga gudawa. In na tambaye ta sai ta ce ciwo kankarar zunubi ne, kada mu yi faɗa a kanta. Ni ce mai jinya. Na yi masa magana, ya ce ni yarinya ce. Gaskiya ne abin da ya karanta? In na saɓa masa na yi laifi?

'Yar'uwarki daga Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Kafin mu zo kan wanda ya fi gaskiya tsakaninki da Yaya, akwai abin da ba zai jira gobe ba. Ki nemi likitan Umma yau ɗin nan, ko ta waya, ko ku kai ta sashen gaggawa na asibitin da ake duba ta. Wanda jikinsa ya saba da mofin, in aka yanke masa shi rana ɗaya, gumi yakan karyo masa, ga gudawa da murɗawar ciki, ga hamma da majina da rashin natsuwa, ciwon da aka danne kuma ya dawo da ƙarfinsa. Abin da kika bayyana ya yi kama da haka ƙwarai. Amma mai karɓar kemo ba a yi masa hasashe daga nesa, domin gumi da gudawa suna iya zama alamar ƙwayar cuta ta shiga jiki. Ki faɗa wa likita abin da ya faru yadda yake, da lokacin da ta sha na ƙarshe, da adadin da take sha. Nan ba wurin rufa wa gida asiri ba ne. Ko da Yaya ya miƙo kwalbar yanzu, kada ki koma ba ta adadin da da kanki, saboda in aka yi hutu sabon da jiki ya yi yakan ragu, likita ne zai ce daga ina za a sake farawa. Tunda kuma cutar ta taɓa ƙashin baya, ki sa ido a kan ƙafafunta. In suka fara rauni, ko ta daina jin taɓi a cikinsu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti, don yana iya yiwuwa ƙari ne ke matse laka, kuma jinkirin awanni kaɗan yakan bar mutum a kwance.

To, Yaya ba ƙarya ya karanta ba. Rabin labarin ya karanta, ya yanke hukunci da shi.

Ciwo da garkuwar jiki ba su rabuwa. Duk inda jiki ya ji rauni, ko ƙari ya fara cin ƙashi kamar yadda yake a wurin Umma, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira sojojin jiki, su ke fara isa wurin. Suna zubar da sinadaran da ke kawo kumburi da zafi, irin su furostagilandin da wasu da likitoci ke kira sitokayin, su kuma waɗannan su tunzura bakin jijiyoyin da ke wurin, har taɓawar da a da ba komai ba ce ta koma azaba. Shi ya sa maruru ke zogi ko riga ce ta goge shi, shi ya sa kuma ibufurofen da diklofenak ke aiki, domin hana jiki haɗa furostagilandin suke yi. Ke nan garkuwar jiki da kanta tana cikin masu hura wutar ciwo. Abin mamaki shi ne tana cikin masu kawo ruwan kashe ta. A shekarar 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa akwai gurabe na musamman a ƙwaƙwalwa da mofin ke maƙalewa. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz a Abadin ta Sukotland suka gano dalilin samuwar guraben: jiki yana haɗa nasa sinadarin mai aiki irin na mofin. Daga baya Christoph Stein da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jini suna ɗauke da irin wannan sinadari, suna kai shi inda ya kumbura su sake shi a kan jijiyoyi don ciwon ya lafa. Su kansu ƙwayoyin suna da guraben da mofin ke kamawa, don haka ba abin mamaki ba ne in maganin ya taɓa aikinsu.

Kuma yana taɓawa. A gwaje-gwajen da aka yi da dabbobi, da kuma na ɗan gajeren lokaci da mutane masu lafiya, an ga mofin yana rage kuzarin wani rukuni na sojojin jiki da aikinsu shi ne farautar ƙwayoyin sankara da waɗanda bairos ya shiga. Wasu nazarce-nazarce a Amurka sun kuma ga cewa masu shan irin waɗannan magunguna sun fi kamuwa da ciwon huhu, kodayake wani ɓangare na dalilin shi ne yawan barci da dannewar tari, da kuma cewa dama waɗanda ake rubuta wa maganin sun fi sauran mutane rashin lafiya. Wannan shi ne abin da Yaya ya gani.

Abin da bai gani ba shi ne ciwon da aka bari ba magani shi ma yana karya garkuwar jiki. Mutumin da ke cikin azaba, jikinsa yana ta zubo kotisol da adirenalin, sinadaran firgita, kuma kotisol in ya daɗe da yawa a jini yana kwantar da sojojin jiki. Ki ƙara da rashin barci, da rashin cin abinci, da kwanciya wuri ɗaya don tsoron motsi. Mai ciwon baya ba ya cika huhunsa da iska, ba ya son tari don yana ji har cikin ƙashi, majina ta taru a ƙirji, daga nan ciwon huhu ke samun ƙofa. John Liebeskind, wani masanin ciwo a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, ya yi wani rubutu a 1991 yana jan hankalin likitoci cewa ciwo shi kaɗai yana iya kisa. A ɗakin bincikensa Gayle Page da abokan aikinta suka yi gwaji da ɓeraye, suka ga tiyata tana sa ƙwayoyin sankara su fi kama huhu, amma in aka ba ɓerayen mofin ya kashe musu ciwon tiyatar, yaɗuwar takan ragu. Maganin da ake zargi da buɗe wa kansa hanya, a wurin mai ciwo shi ya rage mata hanya. A wajen mutane kuwa, an buga wani babban gwaji a mujallar Lancet a 2019, wanda ya haɗa mata fiye da 2,000 da aka yi wa tiyatar sankarar mama. An kasa su gida biyu, wasu aka kashe musu jijiyoyin wurin da allura aka rage musu dangin mofin, wasu aka yi musu yadda aka saba, kuma dawowar cutar ta zo daidai a gidajen biyu. Wannan gwajin na lokacin tiyata ne, ba na shan watanni ba, amma ra'ayina a fili yake: babu hujjar da ta kai a hana mai kansar ƙashi maganin da ke sa ta barci ta ci abinci, saboda abin da aka gani a jinin ɓera marar ciwo.

Akwai wata alaƙa guda da ya kamata ki sani don gaba. A cikin laka da ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira maikurogiliya. Linda Watkins ta Jami'ar Kolorado da wasu masana sun nuna, galibi a dabbobi, cewa mofin yana iya tayar da su, su kuma su riƙa rage masa ƙarfi ko ma su ƙara wa jiki jin ciwo. Idan wata rana kika ga ana ta ƙara wa Umma magani amma ciwon sai bazuwa yake, har fata ba ta son taɓi, ki faɗa wa likita da waɗannan kalmomin. Wani lokaci mafitar ita ce a canza mata wani daga cikin danginsa, ba a ƙara ba.

Batun zazzaɓin makon jiya kuma, wanda ya fi cancanta a fara tuhuma shi ne kemo. Kemo yana kashe ƙwayoyin da ke saurin haihuwa, har da waɗanda ɓargo ke haɗawa, don haka fararen ƙwayoyin jini sukan yi ƙasa sosai, yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an karɓa. In ana haɗa mata da deksametason, maganin rage kumburi da amai, shi ma yana danne garkuwa. Ki duba katinta ki ga ko zazzaɓin bai faɗo a wannan tsakanin ba. A nan ne shawarar Yaya ta fi ba ni tsoro, domin farasitamol yana sauke zafin jiki, kuma zafin jiki shi ne babbar alamar da ke gaya muku an shiga haɗari. Ku sayi ma'aunin zafi ku ajiye kusa da gadonta, a auna kafin a ba ta farasitamol. In zafin ya kai digiri 38, ko ta fara rawar sanyi, asibiti za ku nufa a lokacin, ba kemis ba, ko da kuna zaton maleriya ce. In ana son kare mata garkuwa da gaske, ga inda aikin yake: wanke hannu kafin a taɓa ta, dafaffen abinci mai zafi, tsaftataccen ruwa, gidan sauro, da ɗan dubiya mai mura ya gaishe ta daga bakin ƙofa. Na san wannan na ƙarshen da wuya a gidajenmu, amma babban ɗa in ya faɗa, ana ji.

Ƙaiƙayin da take yi sanannen abu ne. Mofin yana sa wasu ƙwayoyin garkuwa da ke fata su saki sinadarin histamin mai kawo ƙaiƙayi, yana kuma taɓa hanyar ƙaiƙayi a laka. Yawanci ba alama ce ta jiki ya ƙi maganin ba, kuma akwai abin da likita zai ba ta. Sai dai in leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan gaggawa ce. Taurin bayan gida kuwa kusan kowa mai shan mofin yana samu, kuma ba ya wucewa da kansa, shi ya sa ake haɗa shi da maganin sassauta ciki tun ranar farko, kamar ƙwayar sena ko laktulos. In ba a rubuta mata ba, ki tambaya.

Maganarsa ta 'yar ƙwaya ba na ganin laifinsa a kanta. Duk wanda ya rayu a Arewa ya ga abin da kodin da taramol suka yi wa samari da matan aure, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Wannan hoton ne a kansa. Amma sabon jiki daban, jaraba daban. Sabo shi ne abin da kuke gani yanzu, jiki ya ji an janye abu kwatsam ya yi bore, kuma in ana so a daina, a hankali ake ragewa. Jaraba ita ce mutum ya riƙa neman magani don maye, yana ƙarya, yana sata, yana sha alhali yana ganin yana cutar da shi. Umma ta sha ta yi barci, ta tashi ta yi salla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mofin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, kuma tun 1986 ta fitar da tsarin magance ciwon sankara mataki-mataki, inda mofin yake a matakin ciwo mai tsanani. A Uganda, tun daga 1993 likita Anne Merriman ta fara kai wa marasa lafiya mofin na ruwa har gida, wasu ƙasashen Afirka suka yi koyi. Abin da ya shiga gidanku ba baƙon abu ba ne a aikin likita.

Sai Umma, wadda ake ta magana a kanta ba a tambaye ta ba. Uwa irin tamu za ta gwammace ta kwana tana nishi da ta ga 'ya'yanta sun yi sa-in-sa saboda ita, don haka shirunta kada a ɗauke shi a matsayin amincewa. Gaskiya ne ciwo yana kankare zunubi, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, kuma shan magani ba ya rage ladan haƙuri. In ranta bai kwanta ba, a kira malamin da take jin maganarsa. Ki same ta ku biyu, ba tare da kin ambaci Yaya ba, ki ce, "Umma, lokacin da kike shan maganin nan da yanzu, wanne ya fi miki?" A asibiti kuma ki roƙi likita ya tambaye ta da kansa. Jikinta ne, hankalinta ƙalau, ita ke da ta cewa.

Shi Yaya, ina ganin tsoro ne ya yi masa yawa. Yana zuba kuɗi, yana kallon uwarsa tana ramewa, ba abin da zai iya yi a kan kansar, sai ya samu abu guda da hannunsa zai iya kaiwa, wato kwalbar. In kika je masa da "ka yi kuskure", musamman a gaban matarsa ko ƙannenku, girman kai zai rufe ƙofar. Ki same shi shi kaɗai, ki ce, "Yaya, abin da ka karanta ya tayar min da hankali nima, mu je tare ka nuna wa likita." Ya tafi da rubutun a wayarsa, ya yi duk tambayar da yake so. Ki roƙe shi ya kwana ɗakin Umma dare ɗaya, domin abin da kike ji da kunnenki shi labari kawai yake ji. Sannan ki bar masa aikin da dama ya ɗauka: kulle mofin daidai ne a gidan da yara da baƙi ke shiga, sai dai makullin ya kasance inda mai jinya za ta kai gare shi, shi kuma ya riƙa duba littafin da ake rubuta lokaci da adadin kowane sha. In ya ƙi sauraron ki, ki nemi kawu ko gwaggon da yake jin nauyinsu, yau ba gobe ba. In duk wannan ya faskara, ki kai Umma asibiti da yardarta, ki sanar da shi kin tafi, kada ki yi a ɓoye. Ba ki yi laifi ba. Girman yaya yana nan, amma bai kai haƙƙin uwa ba.

In burinsa a rage maganin ne, akwai hanyoyin da suka dace ku tambaya a kai. Gashin na'ura da ake yi wa wurin da kansa ta kama a ƙashi yana rage ciwo ga mafi yawan waɗanda aka yi wa, wani lokaci da zama ɗaya kawai, kuma akwai sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja, sai dai ku yi waya ku tabbatar kafin ku ɗauke ta a mota. Akwai allurar ƙarfafa ƙashi irin su zoledironik, akwai kuma magungunan ciwon jijiya in akwai zogi mai kamar jan lantarki. In waɗannan suka kama, likita da kansa zai sauko da mofin ɗin. Kada kowa ya sayo mata diklofenak ko taramol daga kemis, don na farkon yana iya taɓa ƙoda da ciki, musamman ga mai kemo, na biyun kuma dangin mofin ne, bai kuma kai shi ƙarfi ba. Zuma ba laifi in ba ta da ciwon suga, habbatussauda da duk wani jiƙo kuwa a nuna wa likita tukuna. In an koma kan mofin, kada a haɗa shi da ƙwayar barci irin su Valium, kuma in kika ga barcinta ya yi nauyin da ba ta farkawa da kira, ko numfashinta ya yi jinkiri sosai, a tsayar da sha na gaba a nemi likita nan take.

Ke kuma ƙanwata, bayan awa huɗu-huɗu yana nufin ba ki yin barcin kirki. Ki tambayi likita ko za a iya mayar da ita kan ƙwayar mofin mai daɗewa, wadda ake sha sau biyu a rana, in ciwon ya daidaita. Kafin nan ku raba dare tsakaninku, a rubuta sunan kowa da ranarsa a manna a bango, sunan Yaya ma ya shiga ciki.